Mai Shakka a Fim da Mai Shakka a Tarihi: Daga Lourdes Zuwa Fatima

 

Duk Bahaushen da neman abinci ya kawo shi Kudu, ko Legas ce ko Inugu ko Kalaba, ba zai daɗe ba zai lura da wasu sunaye guda biyu da ke yawan fitowa a allunan makarantu da asibitoci da coci-coci na mabiya ɗarikar Katolika, wato Lourdes da Fatima. Kai ko a gida ma haka abin yake, domin babban cocin Katolika na Kano da na Jos duk sunan Fatima suke ɗauke da shi, har wasunmu kan ɗauka Nana Faɗimatu 'yar Manzon Allah (SAW) ake nufi. Alhali sunayen garuruwa ne a Turai, ɗaya a Faransa ɗaya a Fotugal, inda wasu yara suka ce Nana Maryam mahaifiyar Annabi Isa (AS) ta bayyana gare su. An yi finafinai a kan waɗannan labarai, kuma maƙwabtanmu da yawa ta hanyar finafinan suka san tarihin, kamar dai yadda da yawanmu muka fara sanin yaƙin Badar da Uhudu ta fim ɗin Ar-Risala tun kafin mu buɗe littafin sira.

Ni Musulmi ne, kuma ban zo yanke hukunci kan ko yaran sun ga wani abu ko ba su gani ba. Wanda ya ja hankalina a cikin finafinan nan shi ne mutumin da ya ce bai yarda ba. Kowane fim yana da irin wannan mutum, kuma kusan kullum shi ne bos. To da na koma ga abin da aka rubuta a lokacin da abin ya faru, sai na ga mai shakkan da ke cikin fim da wanda ke cikin tarihi ba mutum ɗaya ba ne.

Yarinyar da ta je itace

A shekarar 1858 Lourdes ƙaramin gari ne a gindin duwatsun da suka raba Faransa da Sifen, mutanensa ba su wuce dubu huɗu da 'yan kai ba. Bernadette Soubirous tana da shekara 14, ba ta iya karatu ba, Faransanci ma ba ta jin sa sosai, yaren yankinsu take yi. Ciwon asma ya hana ta girma. Ubanta mai injin niƙa ne da ya karye, har talauci ya kai su zama a wani ɗaki da a da kurkuku ne aka daina amfani da shi saboda rashin kyansa. Shekara guda kafin nan ma an taɓa tsare uban bisa zargin satar fulawa, aka sake shi don babu hujja. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne abu na farko da manyan gari suka duba: 'yar gidan wa ce?

Ranar 11 ga Fabrairu ta fita neman itace da ƙanwarta da wata ƙawarsu, suka isa wani kogo a bakin kogi da ake kira Massabielle. Nan ta ce ta ga wata yarinya cikin fararen kaya. Sauran biyun ba su ga komai ba. Daga ranar zuwa 16 ga Yuli ta ce ta gan ta sau 18.

Wa ya fara ƙaryata ta? Uwarta, wadda ta haɗa mata da duka ta hana ta komawa. Na biyu ita Bernadette ɗin da kanta, domin da ta koma a karo na biyu, ruwan addu'a na coci ta tafi da shi ta dinga watsa wa abin, don in aljani ne ya gudu. Makonni da dama ba ta taɓa cewa Maryam ta gani ba, wata kalma take amfani da ita a yarensu mai ma'anar “abin nan”. Mutanen gari ne suka riga ta raɗa suna. Na uku kuwa limamin cocin garin, Fada Peyramale, mutum mai faɗa da babbar murya. Ya hana ƙananan limamansa taka kogon, kuma da yarinyar ta zo masa da saƙon wai a gina ɗakin ibada a wurin, korar kare ya yi mata, ya ce matar ta faɗi sunanta, kuma ta sa itacen furen da ke kogon ya yi fure a tsakiyar sanyin hunturu. Furen bai fito ba. Sunan ne ya zo ranar 25 ga Maris, da wata jimla da ta yi daidai da aƙidar da Paparoma Pius na Tara ya ƙaddamar a 1854, cewa an ɗauki cikin Maryam ba tare da tabon zunubi ba. Masu imani suka ce ina jahilar yarinya ta san wannan magana? Masu shakka suka ce shekara huɗu ana maimaita ta a coci, kunne ai ba ya buƙatar makaranta. Har yau a nan gardamar take tsaye.

Hukuma ta shigo ne da taro ya fara yawa. Kwamishinan 'yan sanda Jacomet ya titsiye ta ranar 21 ga Fabrairu, yana rubuta abin da ta faɗa yana karanta mata a murguɗe don ya kama ta da ƙarya, tana gyara masa. Mai gabatar da ƙara na gwamnati, Vital Dutour, shi ma ya yi nasa. Ranar 27 ga Maris aka sa likitoci uku su duba ko za a kai ta gidan mahaukata, suka ce mai yiwuwa gizo idonta ke yi mata, amma ba su ga dalilin tsare ta ba. A watan Yuni aka katange kogon da katako, sai a Oktoba sarki Napoleon na Uku ya ba da umarni aka buɗe.

Akwai wani abu da finafinai ba sa son taɓawa. Bayan Bernadette, yara da mata gommai a garin da ƙauyukan kewaye suka tashi su ma suna cewa suna gani, wasu suna faɗuwa suna birgima suna ihu. Wanda ya taɓa ganin yadda iska ke kama 'yan mata a makarantar kwana, ɗaya ta faɗi goma su bi ta, ya san irin yanayin. A cikin wannan ruɗani jami'an nan suke aiki, kuma ga cincirindon mutane a bakin kogi, ga ruwan da ake ɗiba ana ba marasa lafiya ba wanda ya san abin da ke cikinsa. In kai ne kwamishina me za ka yi? Bishop Laurence na Tarbes ya kafa kwamiti, aka yi kusan shekara huɗu ana tambayoyi, aka watsar da duk sauran masu gani, sai ranar 18 ga Janairun 1862 ya amince da na Bernadette ita kaɗai.

Alwashin Bayahude

Abin mamaki, wanda ya kai labarin nan duniya ba Kirista ba ne. Franz Werfel marubuci ne Bayahude haifaffen Prague. A 1940 da sojojin Hitler suka mamaye Faransa, shi da matarsa Alma suka yi ta gudu har suka maƙale a Lourdes na wasu makonni, ba takardar fita, kullum cikin fargabar kamu. Nan ya ji labarin yarinyar, ya yi alwashin in ya tsira zai rubuta shi. Suka haye duwatsu da ƙafa zuwa Sifen, suka isa Amurka, ya cika alwashi. Littafin ya fito da Jamusanci a 1941, da Ingilishi a 1942, ya yi kasuwa ƙwarai, kamfanin 20th Century Fox ya mayar da shi fim a 1943 da sunan The Song of Bernadette. Henry King ne darakta. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni 12 ya ci 4, ciki har da na jarumarsa Jennifer Jones, wadda ta karɓi kyautar ranar da ta cika shekara 25.

Fim ne mai kyau, ba na musu. An yi shi ana tsakiyar yaƙin duniya, iyaye mata suna jiran labarin 'ya'yansu da ke fagen fama, kuma ya ba su abin da suke buƙata. Amma a dubi abin da ya yi wa Dutour. Vincent Price ne ya fito a matsayinsa, mutumin da daga baya ya yi suna a finafinan ban tsoro, ya fito da sanyin murya da murmushin raini, mai ganin addini cuta ce da ke hana ci gaba. Tun farkon fim yana 'yar kakin murya, a ƙarshe ta tabbata sankarar maƙogwaro ce, sai ga shi durƙushe a bakin kogo cikin taron gajiyayyu yana roƙon Bernadette ta yi masa addu'a. Shi kuwa Dutour na tarihi ɗan Katolika ne mai zuwa coci, wanda kawai ya ɗauka yarinyar gizo ake yi mata. Ciwon maƙogwaron ma a littafin Werfel na wani mutum ne daban, wani marubuci da Werfel ya ƙirƙira, masu fim suka ɗauko suka ɗora wa Dutour. Mutum ne da ya rayu da gaske, yana da zuriya, aka sa masa kafirci da cuta da tuba duk a cikin sa'o'i biyu da rabi, kuma duniya ta san shi a haka.

Haka aka yi wa Sista Marie-Thérèse Vauzou, shugabar sababbin shiga a gidan sistoci na Nevers inda Bernadette ta tare a 1866. A fim hassada ke cin ta, tana ganin ita da ta ƙarar da rayuwarta cikin azumi da tsayuwar dare ba a zaɓe ta ba aka zaɓi 'yar talakawa. Da ta ga irin ƙarin da ke gwiwar yarinyar, wanda ta daɗe tana ɓoyewa, sai ta rushe da kuka ta tuba, ta koma ita ke ɗaukar ta. Wannan fitowa tana sa mutane hawaye har gobe. A tarihi matar ba ta taɓa sakin jiki da maganar ba. Bernadette ta rasu a 1879 tana da shekara 35, amma ba a buɗe shari'ar shigar da ita sahun waliyyai ba sai bayan rasuwar Vauzou a 1907, domin ta nuna ba ta so a yi tana raye. Sai a 1933 aka kammala. Fada Peyramale, wanda da gaske ya dawo ya zama babban mai kare ta, fim ya kawo shi bakin gadonta tana cikawa, alhali ya riga ta rasuwa da kusan shekara biyu.

Ka ga tsarin ke nan: mai shakka a fim ba a barin sa ya tafi da shakkarsa. Ko dai ya tuba ko ya wulaƙanta. Mutumin kirki mai ibada wanda ya duba ya ce bai gamsu ba, ya kuma mutu a haka, ba shi da gurbi a labarin, duk da cewa ita cocin Katolika da kanta ba ta wajabta wa mabiyanta yarda da Lourdes ko Fatima ba. Ka'idarsu ita ce irin wannan gani ba ya ƙara komai a kan abin da aka saukar. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Musulmi, don malamanmu sun daɗe da cewa ba a gina hukuncin shari'a a kan mafarki, ko na wane ne.

Kada a ce na fifita ɓangare ɗaya, su ma masu shakka sun yi nasu maguɗin. Shahararren marubucin nan Émile Zola ya je Lourdes a 1892 ya ga marasa lafiya da idonsa, ya fitar da littafinsa a 1894. Cikin waɗanda ya gani har da wata mai tarin fuka, Marie Lebranchu, da aka ce ta warke bayan ta shiga ruwan. A littafin ya sake mata suna ya sa ciwon ya dawo mata tun a jirgin ƙasa kan hanyar komawa gida. Matar kuwa ta rayu har 1920. Masu fim sun durƙusar da Dutour don labarinsu ya tafi daidai, Zola ya dawo wa mace da ciwo don nasa ya tafi daidai. Ni a wurina laifin ɗaya ne. Wurin da aka fi yin gaskiya shi ne ofishin likitoci da aka kafa a Lourdes a 1883 don tantance masu cewa sun warke, wanda yake karɓar likita ko mai addini ne ko ba shi da shi. Cikin mutum sama da 7,000 da suka kawo labarin waraka, zuwa 2018 guda 70 kacal coci ta amince da su.

Fatima

Daga Faransa sai mu gangara Fotugal, shekara 59 bayan Lourdes. Sunan ƙauyen Fatima gado ne daga zamanin da Musulmi suka mulki yankin, don haka masu jin sunan ya yi musu kama da na gida ba su yi nisa da gaskiya ba.

A nan hukuma da gaske tana gaba da coci. A 1910 aka kifar da sarauta aka kafa jamhuriya, a 1911 aka yi dokar raba addini da gwamnati, aka ƙwace dukiyar coci, aka kori ƙungiyoyin limamai da sistoci, aka kori bishop-bishop daga mazauninsu. A 1916 ƙasar ta shiga yaƙin duniya na farko, samarin ƙauye suna mutuwa a Faransa. Cikin wannan hali, ranar 13 ga Mayun 1917, yara uku makiyaya, Lúcia dos Santos mai shekara 10 da 'yan uwanta Francisco da Jacinta Marto, ɗaya bai cika 9 ba ɗaya tana da 7, suka ce sun ga wata mata a kan wata 'yar bishiya, ta ce su riƙa dawowa kowane 13 ga wata har Oktoba.

Bos ɗin wannan labari shi ne Artur de Oliveira Santos, shugaban ƙaramar hukumar Ourém, ɗan jamhuriya na gani-kashe-ni. Ranar 13 ga Agusta ya yaudari yaran ya ɗauke su a keken doki ya tsare su kwana biyu. Lúcia ta rubuta cewa ya yi musu barazanar jefa su cikin tafasasshen mai in ba su faɗi sirrin da aka ba su ba. Wannan zalunci ne, babu wani kwaskwarima da za a yi masa. Amma wanda ya fi gallaza wa Lúcia na tsawon watanni shidan nan a cikin gidansu take, wato uwarta Maria Rosa, mace mai ibada da ke koya wa yaran unguwa addini. Ta tsani ƙarya, ta kuma tabbata 'yarta ƙarya take yi, ta yi ta dukan ta da tsintsiya tana jan ta zuwa wurin limami don ta janye. Ga kuma asara, domin filin da taron ke tattakewa gonarsu ce. Limamin ƙauyen, Fada Ferreira, cewa ya yi mai yiwuwa aikin shaiɗan ne, maganar da ta sa yarinyar ta kusa daina zuwa.

Ranar 13 ga Oktoba taro ya haɗu cikin ruwan sama, ƙiyasi ya kama daga 30,000 zuwa 100,000, an fi ambaton 70,000. Dubbai suka ce sun ga rana tana juyawa tana canja launi kamar za ta faɗo. Avelino de Almeida, wakilin jaridar O Século wadda ba ta ga-maciji da coci, ya rubuta abin da taron ya ce ya gani. Wasu da ke wurin sun ce ba su ga komai ba, babu kuma wata cibiyar nazarin taurari a duniya da ta ga rana ta motsa, kuma masana ido sun yi bayanin abin da ke samun idon da ya ƙura wa rana. Francisco da Jacinta sun rasu a annobar mura, shi a 1919 ita a 1920. Bishop na Leiria bai amince ba sai 1930, bayan shekara 13.

Kamfanin Warner ya yi fim ɗin The Miracle of Our Lady of Fatima a 1952, daidai lokacin da Amurka ke farautar 'yan gurguzu a cikin gidanta, kuma jami'an jamhuriyar Fotugal na cikin fim in ka kalle su sai ka rantse daga Mosko aka turo su. Aka kuma ƙirƙiro wani barkwancin mutum mai suna Hugo, abokin yaran, wanda bai damu da addini ba, don a samu wanda zai sallama idan rana ta juya. Ya kuwa sallama.

Maganar Rasha ɗin nan ita ce wurin da mai shakka na gaske ya tsaya, kuma ba ɗan gurguzu ba ne. Saƙon da ya ambaci Rasha da yaƙi na biyu Lúcia ba ta rubuta shi ba sai 1941, tana sista, bayan yaƙin ya riga ya ɓarke. Wanda ya fito ya nuna wannan tazara a 1944 limami ne ɗan ƙungiyar Jesuit daga Beljiyam, Édouard Dhanis. Ya raba abin da yaran suka faɗa a 1917 da abin da aka rubuta bayan shekara ashirin da wani abu, ya ce na biyun a yi taka-tsantsan da shi, ba don matar maƙaryaciya ce ba, sai don ƙwaƙwalwar ɗan Adam takan yi ƙari ba da saninta ba. Masu kishin Fatima sun yi masa ca. Duk da haka ya zama shugaban babbar jami'ar Gregorian ta Paparoma a Rum, kuma a shekarar 2000 da Batikan ta fitar da sirri na uku, Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Paparoma, ya ambaci sunansa da girmamawa a sharhinsa. Ban taɓa ganin Dhanis a fim ba. Dalili a fili yake: ba za a iya sa masa baƙar hula ba.

Fim ɗin Fatima na 2020, na darakta Marco Pontecorvo, ya ɗan gyara. Uwar ta samu nauyinta, shugaban ƙaramar hukumar ya fito a matsayin magidanci mai mata da 'ya'ya wanda ke tsayawa a dandali yana karanta sunayen sojojin da suka mutu. An kuma kawo wani farfesa na ƙirƙira, Harvey Keitel ya fito a matsayinsa, yana yi wa tsohuwa Lúcia tambayoyi ta bayan tagar gidan sistoci a 1989, kuma ba a durƙusar da shi a ƙarshe ba. Sai dai tambayoyin nasa ba su da haƙora. Ba laifin Keitel ba ne, laifin kamara ne.

Ina kamara take kallo?

Ga inda gizo ke saƙar. Idan darakta ya nuna maka matar tana tsaye cikin haske tun minti na ashirin, to kai ɗan kallo ka riga ka gani. Duk wanda ya zo daga baya ya ce babu kowa a kogon, ko uwa ce ko limami ko likita, ya zama makaho a idonka, kana kallon sa kana jin haushi. Amma mutanen Lourdes da na Fatima ba wanda ya ga matar. Abin da suka gani shi ne fuskar yarinya a durƙushe. A kan wannan fuska kowa ya yanke hukuncinsa, wanda ya yarda da wanda bai yarda ba. Ko mai ɗaukar hoton da ya bi Almeida ranar 13 ga Oktoba, Judah Ruah, hotunansa da suka shahara na jama'a ne sun ɗaga kai sama.

Darakta ɗan Denmak, Carl Dreyer, ya gane wannan tun 1928 a fim ɗinsa marar magana kan Joan of Arc, budurwar Faransa da ta ce tana jin muryoyin waliyyai, aka ƙone ta a Rouen ranar 30 ga Mayun 1431 tana da kimanin shekara 19. Daga takardun shari'ar ya ɗauko tambayoyi da amsoshi, kuma alƙalan nata duk malaman coci ne ƙarƙashin Bishop Cauchon, ko da yake su siyasar Ingila ce ke juya su. Ba mala'ika ba haske daga sama, kamara na manne da fuskar jarumar, Falconetti, ba kwalliya ba hoda. Kai da alƙalan abu ɗaya kuke gani, sai ka zaɓa. An daɗe ana zaton asalin fim ɗin ya ƙone, sai a 1981 aka tsinci cikakken kwafinsa a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo. Luc Besson a 1999 ya bi ɗaya hanyar, ya nuna komai sannan ya kawo Dustin Hoffman ya rushe shi, wanda shi ma wani nau'in tilas ne ga ɗan kallo.

Mu wannan matsala mun san ta ta wata fuska. Wahayin annabawa daban, ganin waɗannan yara daban, ba haɗa su nake yi ba. Amma Moustapha Akkad da ya zo yin Ar-Risala a 1976 sai da ya fuskanci tambayar me kamara za ta nuna, kuma shari'a ta riga ta ba shi amsa: ba fuska, ba murya. Dole ta sa ya juya kamarar ga masu sauraro, ga Hamza da Bilal da Abu Sufyan da Hindu, kuma ina ganin wannan ne ya sa maƙiyan da ke cikin fim ɗinsa suka fito a matsayin mutane masu lissafi da tsoron asarar kasuwa da mulki. Abin da ya zo masa a matsayin takunkumi shi ya ƙarfafa fim ɗin.

Ita ma Batikan a watan Mayun 2024 ta fitar da sababbin ƙa'idoji inda ta ce daga yanzu, in ba Paparoma ne ya sa baki ba, ba za a ƙara bayyana cewa wani gani daga sama yake ba. Iyakar abin da bishop zai ce shi ne ba a ga abin da ya hana ziyartar wurin ba.

Game da nuna matar kuwa, an taɓa gwadawa Bernadette tana raye. A 1863 aka ɗauko wani fitaccen masassaƙi daga Lyon, Joseph Fabisch, ya zauna da ita ta kwatanta masa tsayuwar da ɗaga hannun da kallon. Ita dai tun farko cewa take yi yarinya ce ƙarama, tsayinsu ɗaya, ita kuwa tsayinta bai wuce mita ɗaya da santimita 40 ba. Fabisch ya sassaƙo doguwar mace babba irin wadda aka saba gani a coci, aka kafa a kogon a watan Afrilun 1864. Da aka tambayi Bernadette, ta ce ba ita ba ce, ta yi tsawo, ta yi girma, kuma ba ta murmushi. Ba a canja ba. Shi ne mutum-mutumin da ke kogon har yau, shi ake kwaikwaya a harabar coci-cocin da muke wucewa a nan Kudu, kuma da masu fim suka tashi a 1943 kamanninsa suka bi, suka ɗauko 'yar wasa Linda Darnell suka lulluɓe ta da haske, ba su ko sa sunanta a jerin 'yan wasa ba.